Rarraba sayayyar katin banki ba tare da wahala ba

Malam, ka tambaya ko sayayyar da kake yi da katin cire kuɗi za ta iya rarrabuwa da kanta rukuni-rukuni domin sauƙaƙa kasafi. Za ta iya, domin kowane shago mai karɓar kati yana da lamba mai alƙaluma huɗu, wato MCC, wadda manhajojin kasafi ke dogara da ita: 5411 ta kantunan kayan abinci ce, 5541 ta gidajen mai, 5912 ta shagunan magani. Sai dai sana'ar shagon take nunawa, ba abin da ka saya ba, don haka sabulu da littafi daga kanti ɗaya rukuni ɗaya za su faɗa. A ganina, ka riƙa dubawa duk mako kana gyarawa, musamman kuɗin da ka cire a ATM, tunda lambar ba za ta nuna abin da ka saya da su ba.