Ku Tambaya Mu Amsa: Hawan Keke a Hanyoyin Gandun Daji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fi shekara 20 ina tuƙa keke a kan titi, kuma kwanan nan na kai ziyara wani gandun daji da aka buɗe wa masu shaƙatawa, inda na ga an fitar da hanyoyin keke an yi musu alama da launuka huɗu: kore, shuɗi, ja da baƙi. Abokina ya ce tunda ni ba sabon shiga ba ne, in fara da ja kawai. Mene ne ma'anar launukan, kuma shawararsa tana kan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ya so ka da alheri, amma shawararsa ba ta yi ba. Tsarin da ka gani shi ne wanda ake bi a gandayen daji na Birtaniya da wasu ƙasashe. Kore na nufin hanya mai faɗi, shimfiɗaɗɗiya, wadda yaro ma zai iya bi. Shuɗi na nufin hanyar ta fara tsukewa, akwai hawa da gangara masu sauƙi, da 'yan duwatsu da saiwoyin da taya za ta iya takawa ta wuce. Ja kuwa siririyar turba ce mai cin keke ɗaya, mai gangara mai tsanani, da kwanoni masu kaifi, da matakalan dutse waɗanda sai ka san yadda ake sauka daga kansu. Baƙi na gwanaye ne, kuma a can akwai wuraren da tayoyin biyu duka suke barin ƙasa ko mahayi ya so ko bai so ba. A Amurka da Kanada an ari alamomin daga masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara: koren da'ira, shuɗin murabba'i, sai baƙin lu'ulu'u guda ɗaya ko biyu.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, launin ya fi auna wuyar ƙasar da za ka taka fiye da nisan tafiya ko ƙarfin cinyarka. Shekara 20 a kan kwalta ta ba ka numfashi da juriya, amma ba ta koya wa hannunka yadda ake rarraba birki a kan tsakuwa ba. Ni da nake ba ka amsar nan na taɓa yin irin lissafin abokinka. A wata gangara da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba, na hangi saiwar itace ta gitta hanya tana sheƙi da danshi, na kafa mata ido, na damƙe birkin gaba da yatsu huɗu daidai lokacin da tayar ta hau kanta. Ban ankara ba sai ga ni rigingine a cikin ganyaye, keken yana kaina, tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai. Kuskure uku na yi a cikin daƙiƙa guda: na kalli abin da nake tsoro maimakon inda nake son bi, na zauna daram a kan sirdi maimakon in miƙe a kan feda in sassauta gwiwa da gwiwar hannu, sannan na kama birki a kan abu mai santsi maimakon in rage gudu tun kafin in iso shi. Keke yana bin ido ne, kuma birkin zamani mai faifai yatsa ɗaya ya ishe shi.

Saboda haka ka fara da kore ko da za ka ji kamar an raina ka, ka bi shuɗi sau da yawa har sai ka ga kana gama ta ba tare da ka sauke ƙafa ba, sannan ka leƙa ja. Idan ka iso wurin da zuciyarka ta ƙi, ka sauka ka ja keken ta gefe, ka tsaya ka ga yadda wani zai bi. Ka kuma sani cewa ja a wannan gandun ba lallai ta zama daidai da ja a wancan ba, domin kowane wuri yana auna hanyoyinsa ne da junansu.

Tambaya: Malam, ina da keke irin na zuwa aiki, mai siririyar taya. Dole ne sai na nemi na musamman kafin in shiga daji? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, a kan koriyar hanya da manyan titunan da motocin ɗaukar katako suke bi, kekenki zai yi, muddin birkinsa yana ci. Wasan hawan keke a daji da tsaunuka ma da tsofaffin kekuna aka fara shi. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin da ke Kalifoniya suka riƙa tattaro kekunan shekarun 1930 da 1940 masu kaurin taya, suna gangarowa da su daga tsaunuka. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack, a kan hanyar da ke sauka kusan mita 400 a cikin tafiyar da ta ɗan haura kilomita 3. Sunan ya samo asali ne daga birkin da ke cikin cibiyar tayar baya, wanda yakan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa sabo kafin a ƙara sauka. Joe Breeze, ɗaya daga cikin waɗannan matasa, ya ƙera gangar jikin keke domin wannan aiki musamman a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da keken Stumpjumper ga kasuwa a 1981, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Idan kika yi niyyar wuce kore, to ki nemi mai faffaɗar taya mai haƙora da shokozoba a gaba kawai, domin ya fi sauƙin gyara, kuma ya fi saurin koya wa mahayi zaɓen wurin da zai sa taya. Mai shokozoba gaba da baya ya fi daɗi a gargada, amma yana ɓoye wa sabon shiga kurakuransa. Kada ki cika wa tayar iska ta yi tauri kamar ta kan titi, domin taya mai ɗan laushi ita ce take rungumar dutse da saiwa. Hular kwano kuwa babu muhawara a kanta, ko a kan kore ne.

Tambaya: Malam, raina ya ɓaci. Na yi tafiya mai nisa domin in hau wata hanya da nake so, na tarar an ɗaure bakinta da igiya an rubuta cewa an rufe saboda ruwan sama. Ni ba na tsoron taɓo, kuma in na faɗi jikina ne. Me ya sa ma'aikatan gandun daji suke mayar da mu kamar yara?

Amsa: Malam, ka yi haƙuri, amma wannan igiyar ba domin jikinka aka ɗaura ta ba, domin hanyar ne. Mutane da yawa suna ɗauka cewa turbar keke a daji sawu ne ya fitar da ita, alhali kuwa gini ce, da diga da shebur, wani lokaci har da ƙaramar motar tono, kuma babban abokin gabarta shi ne ruwa. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara irin wannan gini da gangan shi ne dajin Coed y Brenin da ke arewacin Wales, a tsakiyar shekarun 1990, daga baya kudancin Sikotilan ya samu cibiyoyi bakwai da ake kira 7stanes, waɗanda Glentress ta fi shahara a cikinsu. Duk ƙasashe ne masu yawan ruwan sama, shi ya sa suka shimfiɗa wa yawancin hanyoyinsu dutse da tsakuwa domin su jure. Hanyar da aka bari a kan ƙasar asali, musamman mai yumɓu, ba ta da wannan gata.

Maginan suna da ƙa'idojin da IMBA, ƙungiyar masu hawan keke a tsaunuka ta ƙasa da ƙasa, ta yaɗa. Ta farko, kada gangarar hanyar ta wuce rabin gangarar gefen tsaunin da ta ratsa: idan tsaunin yana sauka da kashi 20 cikin 100, to kada hanyar ta haura kashi 10, in ba haka ba ruwa zai bar hanyarsa ya kama bin turbar har ya mayar da ita kwazazzabo. Ta biyu, a matsakaicin lissafi ana so hanyar ta tsaya a wajen kashi 10 cikin 100. Ta uku, ana ɗan karkatar da fuskar hanyar zuwa waje da kimanin kashi 5 cikin 100, domin ruwa ya tsallake ta ya wuce a baje. Sannan kowane 'yan mitoci ana sa hanyar ta ɗan nutsa ta sake tashi, domin ruwan da ya taru ya samu mafita. Wannan hawa da saukar da kake jin daɗinsa kamar kana kan igiyar ruwa, asalinsa magudana ce.

Yanzu ka kwatanta abin da tayarka take yi idan ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Tana yanka layi mai zurfin ɗan yatsa a tsakiyar hanya, mai bin bayanka ya ƙara masa zurfi, kafin la'asar an samu kwalbati mai gefe biyu wanda ya toshe waccan karkatar da aka yi domin ruwa. Ruwa na gaba da zai sauka, cikin wannan layin zai kwanta ya gudu, yana ɗebe ƙasa yana tone saiwoyi. Idan rana ta fito kuma, sai sawun ya bushe ya daskare, ya zama tarko ga tayar gaba. Wasu kuma da sun ga kududdufi sai su kauce ta gefe domin kada su ɓata tufafi, na baya ya ƙara kaucewa, har turbar da ba ta fi kamu biyu ba ta zama fili, ciyawar gefenta ta mutu. Idan ka tarar da ruwa kwance a hanyar da take buɗe, ka ratsa ta tsakiyarsa. Haka nan jan tayar baya a ƙasa da birki kafin kwana, wanda matasa suke gani burgewa ce, shi ne yake haifar da ƙananan ramukan nan masu jere da ke girgiza haƙoran kowa. Gyaran abin da aka lalata a yini guda yakan ci ranakun hutun 'yan sa-kai masu yawa, kuma su ne galibi suke riƙe da waɗannan hanyoyi.

Ba ruwa kaɗai ke sa a rufe hanya ba. Gandun daji da yawa gona ce ta katako, kuma idan ana sare itatuwa, mai tuƙa injin ba ya jin zuwan keke. Akwai kuma cututtukan itace. A 2009 an gano wata cuta mai suna Phytophthora ramorum a jikin itatuwan larch a kudu maso yammacin Ingila, aka sare itatuwa masu ɗimbin yawa domin daƙile ta, kuma taɓon da ke manne a taya da takalmi yana iya ɗaukar ƙwayarta zuwa wani dajin. Shi ya sa ake roƙon mahaya su wanke keke kafin su tafi. Inda nake ganin kana da gaskiya shi ne, hakki ne a kan masu kula da wurin su sanar da rufewar tun da wuri a shafinsu na intanet. Kai ma ka riƙa dubawa kafin ka ɗora keke a mota.

Tambaya: Ni ba mahayi ba ne, mai tattaki ne. Sau biyu keke yana wuce ni a daji kamar iska ba ko sallama. Wa ya kamata ya ba wani hanya?

Amsa: Malam, a hanyar da aka haɗa kowa, mai keke ne yake ba mai tafiya a ƙasa da mai doki hanya. Ya rage gudu tun daga nesa, ya kaɗa ƙararrawa ko ya yi magana, kuma da doki magana ta fi, domin muryar mutum tana sanar da dabbar cewa abin da ke tahowa ba abin farauta ba ne. Tsakanin masu keke biyu kuwa, mai gangarowa ne yake tsaya wa mai hawa, saboda wanda ya tsaya a tsakiyar hawa da ƙyar yake sake tashi. Irin ƙorafinka ne ya sa aka fara rufe wa kekuna hanyoyi a Kalifoniya, har mahaya suka kafa IMBA a 1988 domin su gyara halinsu su kuma kare damarsu. Dokar shiga ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: Sikotilan ta ba mai keke izinin ratsa yawancin filaye a dokarta ta 2003 bisa sharaɗin kiyayewa, Amurka kuwa ba ta yarda keke ya shiga yankunan da ta keɓe ƙarƙashin dokar dazuzzuka ta 1964 ba. Sai dai kai ma ka lura da alamomi, domin akwai turbobin da aka gina wa keke kaɗai, masu tafiya fuska ɗaya, kuma mai saukowa a cikinsu ba ya tsammanin samun mutum tsaye a bayan kwana.

Tambaya: Shekaruna sun ja, gwiwa ta fara ƙorafi. Ana yarda da keke mai batir a irin waɗannan hanyoyi?

Amsa: Baba, a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda ba ya taimakawa sai ana taka feda, kuma yake daina taimako a wajen kilomita 25 cikin awa, ana ɗaukarsa keke ne kamar kowane, kuma yawancin cibiyoyi suna karɓarsa. A Amurka hukumar da ke riƙe da dajin ce take yanke hukunci, don haka sai an tambaya a ƙofa. Ku dai yi la'akari da cewa ya fi keken gama-gari nauyi sosai, yana buƙatar a kama birki da wuri, kuma zai iya kai ku can cikin daji inda waya ba ta da sabis. Ku tafi da taswirar takarda, da famfo, da kayan faci, ku gaya wa na gida hanyar da za ku bi da lokacin dawowa, sannan ku juyo tun batir bai kai rabi ba idan hanyar komowa hawa ce.