Kitso ba ya tsiro da gashi, amma yana tsare wanda ya tsiro

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Shekara uku ke nan da na daina sa wa gashina rilaksa, kuma tun daga lokacin kaina bai rabu da kitso ba. Ina tsefe wannan ake ɗora wani. Amma har yanzu gashin bai wuce wuyana ba, ga shi gaban goshina ya fara ja baya. Abin da ke fita a mataji ranar tsifa kuwa yana tayar mini da hankali. Wata ƙawata ta ce kalaba ce ke sa gashi tsawo, wata kuma ta ce in nemi chebe na Chadi. Shin kitso yana ƙara tsawon gashi da gaske, ko kuwa haka Allah Ya yi nawa? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin gashinki bai daina tsirowa ba. Gashin mai lafiya yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a kowane wata, ko an yi kitso ko ba a yi ba, don haka a cikin shekara ukun nan kanki ya fitar da abin da ya kai kimanin santimita 36. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: ina wannan tsawon ya tafi? Wani ɓangare yana nan tare da ke, domin gashi irin namu yana takurewa idan ya sha ruwa ya bushe, ba a sanin tsawonsa sai an kama sili an miƙe shi. Sauran kuwa karyewa ya yi daga ƙarshe, daidai gwargwadon yadda yake fitowa daga tushe.

Dalili shi ne silin gashinmu a murɗe yake, kuma duk wurin da ya lanƙwasa yana da rauni. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ma ba ya iya gangarowa cikin sauƙi har zuwa ƙarshen sili, alhali ƙarshen nan shi ne mafi tsufa, wanda ya fi shan taza da rana da gogar ɗankwali da iskar hunturu. Gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai, ba ya warkewa idan ya tsage. Amfanin kitso ke nan: yana tattara gashin wuri guda, ya hana shi cukurkuɗewa, ya hutar da shi daga mataji na makonni. Kalaba ba ta da wani sirri da zane ko shuku ko kitson zare ba su da shi. Kowanne yana tsare tsawo idan an yi shi da sauƙin hannu, kowanne kuma yana cinye gashi idan an matsa.

Maganar gaban goshinki ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarki. Mun saba jin makitsa suna cewa idan kitso bai ɗame ba ba zai daɗe ba, har ya zama mace ta taso daga gidan kitso da ciwon kai, ta kasa kwanciya a kan matashi, ta sha farasitamol tana ganin haka lamarin yake. Wannan ba daidai ba ne. Gashin goshi da na gefen kunne shi ne mafi laushi, kuma idan ana jan sa kullum ta fuska ɗaya, tushensa yakan kumbura, ƙananan ƙuraje su feso, gashin ya fara zubewa. A farkon lamarin yana dawowa idan an daina ja, amma idan aka shafe shekaru a haka tushen yakan mutu, wurin ya zama santsi, kuma babu man da zai sake tsiro da shi. Saboda haka ki gaya wa makitsiyarki, cikin mutunci amma ba tare da kunya ba, ta sassauta hannu, ta bar ƙananan gashin goshi kada ta tsinto su, kuma ta riƙa canza inda take tsaga da inda kitson ke fuskanta. Ƙananan kalaba masu yawa da ƙarin gashin doki ko ulu suna ɗora wa ɗan sili nauyin da ya fi ƙarfinsa, ki bar su. Idan bayan wata uku zuwa shida wurin bai fara cikowa ba, ki ga likitan fata tun da sauran lokaci.

Game da ranar tsifa, ki sani cewa kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Wanda ya zube a cikin kitso ba shi da hanyar fita, don haka idan kin yi mako shida, sili dubu biyu zuwa dubu huɗu ne za su fito a lokaci guda. Ki ɗauki kaɗan ki duba: dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindinsa ya gama kwanansa ne, ba abin damuwa ba ne, amma guntaye marasa ɗigo karyewa ce. A wannan ranar ce mata da yawa suke asarar duk abin da kitso ya tara musu, saboda gaggawa. Kada ki tsefe busasshen kai. Ki yayyafa ruwa, ki shafa man kaɗanya ko man zaitun, ki fara warwarewa daga ƙarshe, ki sa yatsu ki murje dattin da ya dunƙule a gindin kowane kitso, sannan ki bi da mataji mai manyan haƙora daga ƙasa zuwa sama, kashi-kashi. Sai kin gama sharce shi tsaf za ki zuba ruwa da shamfu, in ba haka ba gashin da ya zube zai cure da sauran har sai an sa almakashi. Zane da shuku su yi mako biyu zuwa uku, kalaba kada ta wuce mako shida, kuma ki bar kan ya huta na wasu kwanaki cikin manyan kitso huɗu ko shida marasa ɗauri kafin ki koma gidan kitso.

Chebe kuwa gari ne da matan Chadi suke haɗawa daga soyayyun 'ya'yan wani tsiro da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Suna jiƙa gashi, su shafe jikinsa da mai da garin, ba fatar kai ba, sannan su kitse shi su bar shi, su maimaita bayan 'yan kwanaki. Idan kin lura, abin da ke aiki a nan shi ne danshi da maiƙo da ƙarancin taza, tare da irin gashin da suka gada. Babu laifi ki gwada, amma kada ki ɗora shi a kan ɗamammen kitso ki sa ran goshinki zai dawo.

TAMBAYA: Anti, ni matar aure ce, kuma duk lokacin da na yi wanka na jiƙa kitsona sai ya riƙa wari da ƙaiƙayi a ƙarƙashin hijabi. Dole ne in riƙa tsefewa? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko za ta warware kitsonta domin wankan janaba, ya ce mata a'a, ya ishe ta ta zuba ruwa cikin tafi sau uku a kanta, kamar yadda Imam Muslim ya ruwaito. Abin da malamai suke jaddadawa shi ne ruwa ya kai ga fatar kai, wanda hakan ma wani dalili ne na yin kitso mai sassauci. Sauran bayanin hukuncin ki nemi malamarku ta Islamiyya. Warin da ƙaiƙayin kuwa daga rufe kai da jiƙa suke zuwa, domin laima da zafi suna ƙara amosanin kai. Ki matse kitson da tawul ba tare da gurzawa ba, ki bar shi a buɗe a cikin ɗaki har ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali. Ki wanke fatar kai da shamfu da aka sirka da ruwa sau ɗaya a mako ko mako biyu, ki rage lafta man shanu a tsaga, ki mayar da man zuwa jelar kitson inda aka fi bukatarsa. Da dare ki ɗaura kallabi mai santsi irin na siliki, saboda yadin auduga yana tsotse maiƙo. Idan ƙaiƙayin ya zo da ɓawo ko ƙurji mai ruwa, ko gashi ya fara zubewa a zagaye kamar makero, ki tsefe kitson ki je asibiti a duba.