Laftof ya cika, wane had-disk zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗinmu na gida ya cika maƙil, hotunan biki da na suna, bidiyon yara, ga takardun aikin maigida duk a ciki. Ina so in sayi had-disk na waje in kwashe komai in goge na cikin laftof ɗin. Mai shago ya ce in ɗauki SSD, wai wani sabon nau'in disk ne, ƙanina kuma wai ya ga fulash mai 2TB da arha. Wanne zan saya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin mu zo kan wanda za ki saya, wannan maganar ta "in goge na ciki" ita ce ta fi damuna. In kin kwashe kin goge, ai ba ajiyar ko-ta-kwana kika yi ba, wuri kawai kika canza wa kayan, har yanzu kwafi ɗaya ne, kuma ranar da yaro ya ja wayar disk ɗin ya faɗo daga kan tebur shi kenan hotunan sunan sun tafi, masu gyara ma sai su caje ki kuɗin da ya fi na disk ɗin kuma ba tabbas. Masu harkar kwamfuta suna da ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a cikin gidan ba. Ba dole ki cika ta gaba ɗaya ba, amma biyu dai kar ki yi ƙasa da haka.

To shawarata, ki sayi had-disk na gargajiya guda biyu, 1TB ko 2TB, na Seagate ko WD ko Toshiba. Ƙaramin nan mai inci 2.5 za ki nema wanda ke jan wuta daga laftof ta USB, babban mai inci 3.5 sai an jona shi a soket, in NEPA ta ɗauke yana tsakiyar kwafi kin ga matsala. Ɗaya ya zauna kusa da ke, ɗayan ki kai gidan iyayenki ko ofishin maigida, duk wata ko biyu a ɗauko a ƙara sababbin hotuna a mayar. Kuma in kin gama ki zare shi, kar ki bar shi a jone, don bairos ɗin da ke kulle fayil yana bin duk abin da ya samu a jikin kwamfuta.

Mai shago bai yi ƙarya ba fa, SSD ya fi sauri nesa ba kusa ba kuma ba faifai mai juyawa a cikinsa, don haka yana jure faɗuwa. Sai dai tsada, kuma ba a so a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba wuta. Gurbinsa cikin laftof ne, in laftof ɗin yana miki nauyi a sa masa SSD ki ga yadda zai farfaɗo.

Fulash ɗin ƙaninki kuwa, a bar shi. Yawancin masu arhar nan jabu ne, an yi musu dabara su nuna 2TB alhali cikinsu ɗan kaɗan ne, za ki ga fayil ya shiga lafiya lau sai ranar buɗewa ya ƙi. Akwai manhajar kyauta H2testw da ke tona asirinsu. In kuma tokumbo za ki saya, a duba miki shi da manhajar CrystalDiskInfo a gabanki, tana nuna awa nawa ya yi yana aiki da ko ya fara ciwo. Amma kar ki yi rigima da mai shago in 1TB ya nuna 931GB a Windows, bambancin lissafi ne kawai, ba cuta ba.

Takardun maigida ba su da nauyi, ki ɗora su a Google Drive, ana ba da 15GB kyauta amma da Gmail da Google Photos ake raba shi. Bidiyo dai kar ki fara, data za ta ƙare. Bayan kin kwashe, buɗe wasu hotunan daga kowane disk ki tabbatar suna buɗewa tukuna ki taɓa na cikin laftof.