Amsoshin tambayoyinku: kuloz, tacewa, da labarin zuciya

Assalamu alaikum jama'a. Wanga mako kusan duk tambayoyin da sunka shigo a kan bidiyon waƙa ne, daga yaranmu masu ɗaukar hoto da masu editin da kuma masu kallo. To bismillah, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wani matashi mai ɗaukar bidiyo a Mabera ya ce: "Allah gafarta Malam, in anka matso da kyamara har fuskar mutum ta cika allo, mu kuloz muke cewa. Yana da suna da Hausa?"

Ɗana, ka ce ɗaukar kusa ko ɗaukar fuska, kowa zai gane ka, kuma kuloz ɗin ma ban hana ku ba tunda kun saba da ita wurin aiki. Abin da nike so ka riƙe shi ne dalilin yin ta, kuma kakanninka sun faɗe shi tun kyamara ba ta zo ƙasar ga ba, sunka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ka lura ba su ce a tambayi baki ba, don baki yana iya ce maka lafiya lau alhali ciki na ƙuna, amma fuska ba ta iya wanga rufi sai kaɗan. A bidiyon waƙa mawaƙi shi ne bakin, kai mai kyamara kai anka aika ka tambayo fuska. Saboda haka kada ka ɓarnatar da kuloz tun baitin farko, ka aje ta sai inda waƙar ta yi nauyi, in ka cika mana ido da fuska daga farko har ƙarshe to ta zama ido wa ka raina.

Kuma ka san bambancin ƙwalla da hawaye, don yanzu mutane sun maishe su abu guda kuma wallahi abin yana damuna. Ƙwalla ita ce ruwan da ya taru a ido bai zubo ba, shi ya sa ake cewa idonta ya cika da ƙwalla, hawaye kuwa shi ne wanda ya gangaro kumatu. Ƙwalla ta fi taɓa zuciya don mai ita yana kokawa da kansa ne, yana danne abin, mai kallo kuma sai ya shiga taya shi dannewa. Ƙwalla ba ta ganuwa daga nesa, ita ce aikin kuloz na gaskiya. Haka ma kallo, Hausa ta rarrabe shi daki-daki, akwai hange, akwai leƙe, akwai harara, akwai ƙura ido, akwai satar kallo, akwai kallon tara saura kwata na raini. Sai ka ga bidiyon soyayya an sa yarinya ta ƙura wa kyamara ido minti huɗu cur ba ƙyaftawa, alhali a wurinmu budurwar da ke son mutum satar kallonsa take yi ta sunkuyar da kai, ko ta kama wasa da bakin mayafi. Sunkuyawar nan ita ce labarin, ita za ka ɗauko mana.

Wata ɗaliba daga Arkilla: "Malam huska ne daidai ko fuska?"

Duka Hausa ne ɗiyata. A bakinmu na Sakkwatawa huska, a daidaitaccen rubutu fuska, kuma kada kowa ya sa ki ji kunyar ta gidanku.

Wani mai editin a Runjin Sambo: "Malam a ƙarshen fim ana rubuta tacewa a sa sunan edita, kuma hukumar da ke duba fina-finai ita ma sunanta hukumar tacewa. Wanne ne mai kalmar?"

Madalla da wagga tambaya, na daɗe ina jiran wanda zai yi ta. Da farko dai bari in fitar da abin da ke cina, rubutun da ake yi a Facebook da WhatsApp inda ake manne "ta ce" ta koma "tace". Ta ce, wato mace ta yi magana, kalma biyu ce kuma a rabe ake rubuta ta. Tace guda ɗaya aikin mai koko ne. Kullum sai na ga an rubuta "tace min" kuma masu digiri ne ke yin haka, don Allah a gyara, tazara guda ce kawai za ka danna.

To ita tacewa, asalinta abu mai ruwa-ruwa ake yi wa. An jiƙa gero an niƙo, a zuba a abin tata, gasara ta wuce dusa ta tsaya. Gari ba a tace shi, tankaɗe shi ake yi. Ma'anar duk a kan rabuwa take, a fid da wanda ba a so a bar wanda ake so. In haka ne kuwa hukumar ita ta fi cancanta da kalmar, irin ta Jihar Kano da anka kafa a 2001, don aikinta ke nan, ta duba ta ce a cire wanga a bar wancan. Edita shi ma yana tacewa ba shakka, an yi shutin kwana biyu ko uku shi kuma ya fito da minti biyar, ai ya zubar da dusa mai yawa. Amma wanga rabin aikinsa ne, kuma ƙaramin rabin. Babban aikinsa shi ne mi zai aje kusa da mi, kuma can ne motsin zuciya yake haihuwa.

Akwai wani ɗan fim a ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, da ya gwada wanga abu wajen 1920. Kamar yadda anka ruwaito, ya ɗauki fuskar wani jarumi wadda ba fara'a ba ɓacin rai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, 'yan kallo sunka ce kai wanga mutum yunwa yake ji. Ya sake ɗauko fuskar nan dai ita ɗin, ya haɗa ta da hoton gawa cikin akwati, sunka ce dubi yadda baƙin ciki ya kama shi. Fuska ba ta canza ba, maƙwabcinta ne ya canza. Ka gwada da kanka, yarinya ta yi tagumi bakin taga, in hoton da ya biyo baya mota ce tana barin tasha sai mu ce kewa, in kayan lefe ne tsakar gida sai mu ce zulumin aure, in gadon asibiti ne sai mu ce jimami, kuma tagumin guda ne. To ka gaya mani, wanga aiki ya yi kama da tatar koko? Ya fi kama da aikin tela, ya yanka ya jera ya ɗinka, yadi guda ya fito riga ko wando gwargwadon yadda anka haɗa shi. Ni da za a bi ta tawa da ɗinkin hoto za a ce, ko harhaɗawa. Na san tacewa ta riga ta zauna a bakin 'yan fim kuma harshe ba ya bin umarnin malami, amma kai da ke zaune gaban kwamfuta kada kalmar ta sa ka zaci shara kawai anka ɗauke ka fiddawa.

Kuma tunda muna nan, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to yanka ma haka. Waƙar biki mai zafi tana son yanka a kai a kai, kowane ya faɗa daidai bugun ganga, jikin mai kallo ya motsa bai sani ba. Waƙar rabuwa kuwa tana son a bar hoto ya numfasa. Na ga bidiyon ta'aziyya da anka yayyanka shi kamar na gangi, hoto bai kai daƙiƙa guda ba an wuce, ko fuskar marayu ban samu na gani ba balle tausayi ya shige ni.

Wani daga Gawon Nama: "Mi ake nufi da sauri ya haifi nawa? Na ji wani darakta ya faɗe ta da ana maganar sulo."

Bai aje ta wurinta ba. Nawa a nan ba ta tambayar kuɗi ba ce, ita ce jinkiri da jan jiki, kuma karin maganar tana cewa mai gaggawa kan ɓata aiki ya dawo ya sake, sai ya zo bayan wanda ya bi a hankali. Gargaɗi ce, ba suna ba ce ga sulo, wato inda ake nuna motsi a hankali cikin bidiyo. Sai dai akwai wani abu mai ban sha'awa, shi sulo da sauri ake yin sa. Bidiyo na yau da kullum hotuna 24 ko 25 ne ke wucewa cikin daƙiƙa, mai son sulo sai ya sa kyamara ta kwashi 50 ko 100, in anka nuna su 25-25 sai motsin ya ninka tsawonsa sau biyu ko sau huɗu. Amfaninsa ya ba ido lokacin ganin abin da zuciya ke riƙewa, kamar juyowar amarya sa'ad da za a fita da ita daga ɗakin uwarta. In kana son Hausarsa ka ce tafiyar hawainiya.

Wata baiwar Allah daga Wamakko: "Malam shauƙi da bege da kewa ba duk ɗaya ba ne?"

A'a Malama. Shauƙi aro ne daga Larabci, zumuɗin zuciya ne da ɗokin kaiwa ga abin so, ko da yake samari yanzu ko lemo mai sanyi sunka sha sai su ce shauƙi, sun rage wa kalmar daraja ƙwarai. Kewa ta abin da ka saba da shi ne ya gushe, gurbinsa kake ji. Bege ya fi su zurfi don kana iya begen wanda ba ka taɓa gani ba, shi ya sa waƙoƙin son Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ake ce musu bege, kuma malaman garin ga sun yi su tun zamanin jihadin 1804. Mai kyamara da ya san wanga bambanci ba zai ɗauke su iri guda ba. Kewa tana son ɗaukar nesa, mutum guda ƙanƙane a bakin Gulbin Rima fili ya yi masa yawa, ko kujera biyu ɗaya ba kowa.

Wani daga Tudun Wada: "Kallo ya koma sama, ana iya faɗinta ga hoton diron?"

Cikonta shaho ya ɗauki giwa, kuma nufinta abin mamaki ya faru har hankalin kowa ya bar inda yake ya koma can. Don wasa kana iya faɗi, tunda diron kyamara ce mai tashi sama tana ɗauko hoto daga bisa. Amma ka sani sama da ƙasa ba banza ba ne, ɗaukaka da ƙasƙanci ma daga nan harshe ya samo su. Wanda anka ɗauka daga ƙasa girma yake yi, kamar yadda kake ɗaga kai ka kalli basarake bisa doki ran hawan salla, ya dace da waƙar kirari. Wanda anka ɗauka daga bisa kuwa ƙanƙancewa yake yi, sai ka ga ana zuga gwarzo diron kuma ya maishe shi kamar tururuwa.

Wani ya tambayi sunan hoton da ke maida mu abin da ya wuce. Waiwaye, kuma ka san shi adon tafiya ne.

Wani kuma ya tambayi asalin majigi. Daga Turancin majik lantan ta fito, fitilar haska hotuna a bango, sunan ya bi silimar da ake yawo da ita gari-gari zamanin Turawa.

Na ƙarshe, mai ɗaukar hoto daga Kwannawa, yana son sunan lokacin nan da rana ke yin ja-ja fatar mutum ta yi kyau a kyamara. La'asar sakaliya ke nan ɗana, bayan la'asar kafin magariba, kuma ba ta daɗewa, ka kafa kyamararka tun kana jin kiran sallar la'asar, ka yi salla ka dawo ka same ta.