Abin da ke sa burodin inji ya kumbura sannan ya rufta: amsa ga ɗan koyo

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da mutanen gida, na karanta saƙonka kuma ga abin da na fahimta. Yayarka ta sayi injin gasa burodi irin na gida, ta danƙa maka shi tun da kai ne ke koyon sana'ar, ka bi abin da ɗan littafin injin ya ce ba ka rage komai ba, amma duk sa'ad da ka gwada sai kwaɓin ya tashi har ya kusa taɓa murfi, da an fara gashi kuma sai tsakiyarsa ta rufta, burodin ya fito da kwarmi a ka, cikinsa duk manyan ramuka, yana kuma warin tsami. Ka ce da kofi kake auna fulawa, da ruwan famfo kake kwaɓi, kuma da azahar kake yi bayan ka taso daga wurin aiki, a cikin wannan wata na Afrilu. Kana tambaya ko injin ne ya lalace, ko yis ɗin ne ba shi da kyau, ko kuwa ka ƙara maganin kumburi irin wanda ake sayarwa a kasuwa.

Babu ko ɗaya daga cikin ukun. Yis da ya mutu ba ya ɗaga kwaɓi zuwa murfi, injin da ya lalace kuma ba ya kammala aiki daga kwaɓi zuwa gashi a kan tsari. Abin da ya same ka shi ne kwaɓin ya wuce lokacinsa kafin wuta ta kama shi, kuma dalilin haka yana cikin yadda injin yake aiki.

Ka tuna abin da muke yi a gidan burodi bayan mun jera gwangwanaye. Ba ma duban agogo mu ce lokaci ya yi. Muna duban kwaɓin ne, mu danna shi da yatsa, in wurin ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, mun san ya isa shiga wuta, in ya dawo nan take bai isa ba, in kuwa bai dawo ba ya wuce. Injin ba shi da ido, ba shi da yatsa. An rubuta masa cewa ya kwaɓa na minti kaza, ya huta na minti kaza, ya juya farfelarsa, wato ɗan fiffiken da ke murza kwaɓi a gindin gwangwani, sau kaɗan don fitar da iska, ya sake bari kwaɓin ya tashi, sannan ya kunna wuta ya gasa na kusan awa ɗaya, duka a cikin awa uku zuwa huɗu a tsarin farin burodi na yau da kullum. Mu muna aiki ne kamar motar tasha, wadda ba ta tashi sai ta cika, shi kuwa jirgin ƙasa ne mai tashi a kan ƙa'idar lokaci, ko akwai fasinja ko babu. Saboda haka aikinka da injin ya juya: tun da ba za ka iya sa lokaci ya bi kwaɓi ba, dole ka shirya kwaɓin ta yadda zai isa daidai lokacin da wutar za ta kama.

Waɗanda suka rubuta ɗan littafin nan sun yi gwajinsu ne a ɗakin girki mai sanyi, wanda zafinsa bai wuce digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas ba. Kai kuwa kana Kano a tsakiyar bazara, inda zafin rana kan kai digiri 40, ruwan famfonka kuma ya wuni a tanki a saman rufi. Kwaɓin burodi ya fi kyau idan ya fito daga murza yana tsakanin digiri 24 da 27. Da ya haura haka, yis yakan ƙara sauri, ya cinye sukari da wuri, ya cika kwaɓin da iska, danƙon alkamar da ke riƙe da iskar kuma ya yi ta miƙewa har ya yi siriri ya rasa ƙarfi. Lokacin da wuta ta kama, iskar da ke ciki takan ƙara buɗewa, danƙon da ya riga ya gaji ya tsage, sai saman ya faɗa ciki. Warin tsamin da ka ji shi ne shaidar cewa yis ya yi aiki fiye da kima.

Akwai lissafin da masu sana'a ke yi don sanin zafin ruwan kwaɓi, kuma ya kamata ka iya shi ko da inji ko ba inji. Ka ninka zafin da kake so kwaɓin ya kasance sau uku, sannan ka cire zafin ɗaki, da zafin fulawa, da ɗumin da murzawa kanta ke ƙarawa. A ce kana son 26, sau uku ya zama 78. Ɗakin yana 36, fulawar tana 35, mu ce murzawa ta ƙara 6 kawai. Abin da ya rage shi ne 1, wato ruwan da ke gab da zama ƙanƙara. Ka ga ke nan a irin wannan wata ko ruwan randa bai isa ba, balle na tanki. Ka yi amfani da ruwan firji mai sanyi sosai, in da hali ka sa fulawar ma a firji na awa ɗaya a cikin leda a ɗaure, kuma ka mayar da aikin zuwa bayan sallar asuba ko bayan isha'i, lokacin da gari ya ɗan sarara. Wasu injinan sukan fara da hutu don ɗumama kayan haɗi kafin su soma juyawa. In naka yana da hanyar kashe wannan mataki, ka kashe shi har sai hunturu ya shigo.

Sai kuma yis. Ga ma'aunin da zan ba ka na gwangwani mai ɗaukar burodin giram 900: fulawa giram 500, ruwa mililita 310, gishiri giram 9, sukari giram 30, bota giram 25, madarar gari babban cokali biyu in ana so, da busasshen yis mai saurin tashi giram 5. Wannan giram 5 na lokacin sanyi ne. A bazara ka rage shi zuwa giram 3, wato kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba. Kada ka rage gishiri don wani ya ce ba ya son ɗanɗanonsa, domin gishiri ne ke taka wa yis burki, shi ne kuma ke ƙara wa danƙo ƙarfi, kuma burodin da aka rage masa gishiri yana cikin waɗanda suka fi saurin ruftawa. Wajen zubawa, yawancin injina suna son ruwa a ƙasa, fulawa a bisansa ta rufe shi, gishiri da sukari a kusurwa daban-daban, yis kuma a ɗan ramin da ka yi da yatsa a saman fulawar. Wannan jeri yana da ƙarin amfani a wurinka, domin busasshen yis ba ya son haɗuwa da ruwan ƙanƙara kai tsaye; ya fi kyau ya gauraya da fulawa tukuna. Akwai injinan da littafinsu ke cewa a fara da yis, wasu kuma suna da ɗan aljihu a murfi da ke zuba shi da kansa, to a nan ka bi na injinka.

Batun kofi kuwa, ka daina. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 in an zuba ta a sake, ya kuma kai giram 150 in an dumbuza daga buhu an danna, saboda haka a kofi huɗu kana iya samun bambancin da ya haura giram 100 ba tare da ka sani ba. A babban kwaɓi na buhu guda hannu yakan gyara irin wannan kuskure, amma a rabin kilo babu wurin ɓuya. In fulawa ta yi kaɗan kwaɓin yakan yi ruwa, kwaɓi mai ruwa kuma ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, wanda shi ne dalili na biyu na ruftawa bayan zafi. Ƙaramin sikeli mai batir da ke auna giram ɗaya-ɗaya bai kai kuɗin fulawar da ka riga ka yi asara ba.

Ko da ka auna komai daidai, akwai dubawa guda da ba na yarda a tsallake. Bayan injin ya yi kamar minti goma yana murzawa, ka ɗaga murfin ka duba. Buɗewa a wannan mataki ba ta ɓata komai. Abin da kake nema shi ne dunƙule guda mai santsi da ke zagaya gwangwanin yana share gefensa, wanda in ka taɓa shi zai ɗan kama yatsa amma ya sake ba tare da ya bar maka kwaɓi a hannu ba. In ka ga wani ɓangare ya shafe a gindi ƙarƙashin farfela kamar fenti, ka ƙara fulawa babban cokali ɗaya, ka jira minti biyu ka sake dubawa. In kuwa dunƙulen yana da tsage-tsage, injin yana nishi yana bubbuga shi da gefe, ka ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Da hunturu fulawa takan bushe ta nemi ƙarin ruwa, da damina takan sha danshin iska ta nemi ragi, kuma buhu ya bambanta da buhu ko da kamfani ɗaya ya niƙa su.

Kada ka raina murzawar injin. A shekarar 1985, lokacin da kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, ke ƙoƙarin ƙera irin wannan inji, burodinsu yana ƙonewa a waje cikinsa kuma bai gasu ba, har sai da wata ma'aikaciyarsu mai suna Ikuko Tanaka ta je ta yi koyi a hannun shugaban masu gasa burodi na wani babban otal a birnin Osaka, ta lura cewa yana murɗa kwaɓin ne yayin da yake jan sa. Daga nan aka sa wa gwangwanin 'yan layuka masu tudu a ciki, waɗanda ke riƙe kwaɓin yayin da farfela ke murɗa shi. Ka shafa cikin naka, mai yiwuwa ka ji su. Hannun mai sana'a suka kwaikwaya, kuma sun yi nasara a wannan. Idonsa ne ba su iya sawa a ciki ba.

Saboda haka idon naka ne. Sa'ad da kwaɓin ke tashi na ƙarshe, ka riƙa leƙawa ta ɗan gilashin murfi. In ka ga ya kusa kai bakin gwangwani alhali agogo na nuna da sauran lokaci mai yawa kafin gashi, kada ka tsaya kallo: ka tsayar da tsarin, ka danna na gashi kaɗai, wanda yawancin injina suke da shi. Wannan dabara kaɗai za ta ceci burodi da yawa. Tsarin gaggawa, wanda ke gajarta lokacin tashi, shi ma yakan dace da zafinmu ko da ba ka ƙara yis yadda littafin ya ce ba, ko da yake ɗanɗanon burodinsa bai kai na wanda ya tashi a hankali ba. Maɓallin jinkiri, wanda ake sa kaya da dare a tarar da burodi da safe, ban ba ka shawarar taɓa shi a bazara ba, musamman in akwai madara ko ƙwai a ciki.

Maganin kumburi da ka ambata ba shi da hurumi a nan, domin matsalarka yawan kumburi ce. Kuma ka yi hattara da garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, domin hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi saboda illarsa ga lafiya, ba ka kuwa da hanyar sanin abin da ke cikin ƙullin da ba a rubuta komai a kansa ba. In kana son burodi mai zaƙi irin wanda mutanenmu suka saba ci da shayi, ka ƙara sukari a hankali, ka zaɓi tsarin burodi mai zaƙi da ɓawo mai haske, domin sukari mai yawa yana saurin ƙona ɓawo.

Akwai abu guda da littafin ba zai gaya maka ba, wato raunin wutar lantarki. An ƙera injin ne don bolt 220 zuwa 240, kuma zafin da ƙarfen gashinsa ke bayarwa yana raguwa fiye da yadda wutar ta ragu: in ta sauka daga 230 zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ya tafi. A irin wannan hali gwangwanin ba ya yin zafi da wuri, yis kuma ba ya mutuwa sai cikin kwaɓin ya doshi digiri 60, don haka kwaɓin zai ci gaba da tashi a lokacin da ya kamata a ce ya fara ƙamewa. In ka lura fanka tana juyawa da ƙyar ko ƙwan fitila ya dushe, ka haɗa injin da na'urar daidaita wuta wadda ta fi ƙarfinsa, ka duba adadin wat da aka rubuta a gindinsa kafin ka saya. In an ɗauke wuta gaba ɗaya, yawancin injina sukan tuna inda suka tsaya na 'yan mintoci kawai. In abin ya daɗe kuma ba a fara gashi ba, ka juye kwaɓin, ka naɗe shi yadda na koya maka, ka sa a gwangwaninmu na yau da kullum, in ya tashi ka gasa a murhu mai zafin digiri 190 zuwa 200 na kimanin rabin awa ko ɗan fiye.

Wajen gwaji na gaba, ka fara da ruwan sanyi da awon sikeli, ka bar yis yadda littafin ya ce. In har yanzu saman ya lotsa, sai ka rage yis a gwajin da zai biyo baya. In ka sauya komai a lokaci guda, ba za ka san wanda ya yi maganin ba, kuma da damina ta sauka za ka sake shiga duhu. Ka riƙa rubuta ma'aunin kowane kwaɓi da lokacin da ka yi shi.

Da injin ya yi ƙarar gamawa, ka fitar da burodin nan take, domin in ya zauna a gwangwani tururinsa yakan jiƙa ɓawon ya sa gefensa ya shige ciki. Ka ɗora shi a kan raga inda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa, kada ka yanka sai ya yi awa ɗaya aƙalla, in ba haka ba wuƙa za ta dunƙule cikinsa. In farfelar ta maƙale a gindin burodin, ka zaro ta da ɗan ƙugiyar da ke zuwa tare da injin ko da tsinken katako, kada kuma ka kankare gwangwanin da ƙarfe ko soson waya. Ka gaya wa yayarka cewa wannan burodi ba shi da maganin hana lalacewa, don haka a irin zafin nan kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa. Wanda ba za a ci da wuri ba a yanka shi, a ɗaure a leda, a sa a ɓangaren ƙanƙara, domin a ɓangaren sanyi na firji ya fi saurin bushewa da tauri.