Tambayi Likita: Giyar Gida da Ta Ɓaci

Tambaya: Likita, giyar da na haɗa a gida ta fito da tsami fiye da kima. Za ta cutar da ni?

Amsa: Yawanci ƙwayoyin bakteriya ne suka shiga tukunyar suka mai da ita tsami, kuma wannan kaɗai bai cika kwantar da mutum ba. Amma in ka ga hunhuna ta yi mata rufi, ko tana wari kamar ruɓaɓɓen abu, zubar da ita duka. Kwashe saman ba ya tsarkake ƙasan.

Tambaya: Kwalabe biyu sun fashe mini cikin dare. Me ya jawo?

Amsa: Ka toshe su tun yis bai gama cinye sukarin ba, iska ta taru ta rasa mafita. Sauran ma suna hanya. Lulluɓe su da tawul mai kauri kafin ka taɓa, ka kau da fuska. In gilashi ya faɗa ido kada ka murza, ka tafi asibiti.

Tambaya: Giyarmu ta fito salam, ba ƙarfi, sai wani aboki ya ce mu ƙara sifirit ɗin da ake goge kaya da shi. Ƙanena ya sha jiya da dare. Yau kansa na sarawa, yana amai, ya ce yana gani dishi-dishi. Mun ba shi madara mun ce ya kwanta. Ko maye ne bai sake shi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wayar nan ka kai shi asibiti yanzu, ka ƙarasa karatun a hanya. Abin da ka kwatanta ya yi kama da gubar metanol, wani nau'in sifirit da ba a sha.

Hatsi da yis ba sa samar da metanol mai yawan da zai makantar da mutum. Abin da kuka zuba ne matsalar, domin sifirit na aikin masana'antu sau da yawa yana ɗauke da shi. Kimanin mililita 10 na tsantsarsa, wato ƙaramin cokali biyu, na iya kashe ido, 30 kuwa na iya kashe mutum. Muguntarsa ita ce jinkiri. Da farko mutum zai yi maye kamar kowa, har ya tashi ya yi wanka. Bayan awa 12 zuwa 24 hanta ta riga ta juya shi zuwa wani asid da ke cin jijiyar gani yana gurɓata jini. Daga nan sai ciwon kai, ciwon ciki, haki, da ganin kamar hazo ya rufe ɗaki.

Madarar nan kuwa ta gajiyar da ni. Kullum ita ce, ko a cusa wa mutum yatsa a maƙogwaro, ko a ce barci zai warware. Gubar ta bar ciki tun jiya, tana cikin jini, ina madara za ta same ta? Barcin da kuke lallaɓa shi ya yi zai iya zama suma ba ku sani ba. Kuma kada wani ya ce ku ɗura masa wata giyar don ya ji ana amfani da ita a asibiti wajen karya wannan gubar. Can ana auna jini ana lura da shi, akwai maganin fomepizole, akwai wankin jini da na'ura in abin ya yi nisa.

Ku tafi da ragowar giyar da kwalbar sifirit ɗin, ku gaya wa likita gaskiya ba kunya. Duk wanda ya kurɓa a duba shi, ko da ya ce garau yake. Na sake faɗa: yau, ba gobe ba.

Tambaya: Ruwa ya jiƙa garin hatsin da zan haɗa giya da shi, ya ɗan canza launi. Tunda za a tafasa, ba shi ke nan ba?

Amsa: A'a. A Janairun 2015, a Chitima ta ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan shan giyar gida a wajen wata jana'iza. An fara zargin an zuba ruwan maɗaciyar kada a cikin giyar, daga baya bincike ya gano gubar da wata bakteriya ta samar a garin masarar da ya lalace. Wuta ba ta karya irin wannan guba, kuma ba ta da makari. Zubar da garin. Wanda ya riga ya sha ya fara amai ko gudawa, a garzaya da shi asibiti.