Maganin da ya fito daga funfunar ƙasa: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah da mahaifinta ke kwance a asibiti. An gano ƙwayar funfuna mai suna Candida a jininsa, an ba shi maganin fluconazole bai ji ba, sai likitoci suka rubuta caspofungin, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin iyalin. Wani ya yi mata alkawarin samo allurar a rabin farashi, wani kuma ya nuna mata kafso a intanet da aka ce daga funfunar ƙasa aka haɗa shi, asalinsu ɗaya. Tana tambaya wanne za ta saya.

Allah Ya ba baba lafiya, 'yar'uwa, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi. Kada ki sayi ko ɗaya. Gaskiya ne caspofungin daga funfuna ya samo asali, wata mai suna Glarea lozoyensis da aka gano a kwarin Lozoya na ƙasar Sifen, amma sai da masana suka tace sinadarin, suka sauya masa fasali, suka yi shekaru suna gwaji kafin Amurka ta amince da shi a 2001. Aikinsa shi ne hana ƙwayar gina bangon da ke kare ta, kuma da yake ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba su da irin wannan bango, illarsa ba ta da yawa. Ta jijiya kaɗai ake ba da shi, domin hanji ba ya tsotsarsa, saboda haka duk wanda ya nuna miki kafso ya ce shi ne, kuɗinki kawai yake nema. Ita kuwa allurar rabin farashi, ki sani cewa a firiji ake ajiye wannan magani, kuma ba ki da hanyar sanin inda kwalbar ta kwana ko abin da ke cikinta. Ki faɗa wa likitan halin da kuke ciki ba tare da kunya ba, ki tambaye shi ko micafungin, ɗan'uwansa, zai fi sauƙin samu, ko amphotericin B, duk da cewa shi yana wahalar da ƙoda kuma sai an riƙa gwajin jini.

Wani matashi ya ce tunda daga ƙasa ake samo waɗannan magunguna, me zai hana ya kwaɓa ƙasa mai funfuna ya shafa a makeronsa. Malam, hankali ne zai hana. Ƙasar da ta ba mu magani ita ce ta ba mu funfunar Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoxin da ke janyo kansar hanta, wadda ta kashe talotalo wajen dubu ɗari a Ingila a 1960. A cikinta kuma ƙwayar tetanus take zaune. Ka je a duba fatarka.

Wasiƙa ta uku daga wani magidanci take, wanda makero ya kama cinyoyinsa, ya shafa man kanti iri uku, kowanne yana lafar da ƙaiƙayin kwana biyu sannan abin ya dawo ya fi da faɗi. Yanzu yana neman shawara a kan wani sabon mai da aka rubuta a jikinsa cewa na asali ne, babu sinadari.

A nan zan tsaya, domin wannan ɗabi'a ce ta fi damuna a duk abin da kuke rubuto mini. Ɗan'uwa, ka juya kwalayen nan uku ka karanta ƙananan rubutun da ke baya. Ina kyautata zaton za ka ga clobetasol ko betamethasone an gauraya da maganin funfuna da na bakteriya a mai guda. Clobetasol da betamethasone aikinsu danne garkuwar fata ne: ja ya ɓace, ƙaiƙayi ya kwanta, kai kana murna ka daina shafawa, ita kuwa ƙwayar funfunar da ke kawo makeron tana nan tana yaɗuwa babu mai tare ta, kamar a rufe garwashi da toka a ce wuta ta mutu. Ana kyautata zaton da haka ne aka wayi gari a Indiya da wani makero mai taurin kai, wanda aka sanya wa suna Trichophyton indotineae a 2020, wanda sau da yawa ba ya jin maganin terbinafine, kuma yanzu ya tsallaka zuwa Turai da Amurka. Mutane suna ɗaukar abin da wasa saboda ba su san ƙarancin makaman da ke hannun likitoci ba. Manyan rukunan maganin funfunar da ta shiga jini ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ga kuma Candida auris, wadda aka fara ganowa a kunnen wata majiyyaciya a Japan a 2009, tana bijire wa fluconazole kusan ko'ina, wasu nau'o'inta ma sun bijire wa rukunai uku. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin funfuna 19 masu barazana, ta sa Candida auris a sahun gaba.

Shi kuwa man da ake cewa na asali ne, in babu sunan sinadarin da ke ciki, da adadinsa, da lambar rajistar hukumar kula da magunguna, to ba ka san abin da kake shafawa ba, kuma ba sabon abu ba ne a tarar da mai danne garkuwar a ɓoye cikin irin waɗannan kaya. Ka bar su duka, ka je a kankare fatar a duba a ɗakin gwaji, ka sayi magani guda da aka rubuta maka, ka cika kwanakinsa ko da tabon ya ɓace. Kada ku haɗa tawul, kuma duk wanda ya kamu a gidan a yi masa magani lokaci ɗaya.

Wata uwa tana tsoron griseofulvin da aka rubuta wa ɗanta na makeron kai, wai ta ji daga funfuna yake. Ki kwantar da hankalinki, malama. Daga Penicillium griseofulvum aka ciro shi a 1939, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 ake ba mutane. Man shafawa ba ya isa saiwar gashi, shi ya sa sai an sha. Ki ba shi tare da abinci mai maiƙo, ki jure makonni shida zuwa takwas ɗin. Mai juna biyu dai ba ta shansa.

Na ƙarshe yana tambaya ko ragowar penicillin da ke gidansa za ta warkar masa da ƙyasbi, tunda ita ma daga funfuna take. Ba za ta warkar ba. Bakteriya take kashewa, kuma shan ta babu dalili yana iya buɗe wa Candida hanya a baki da al'aura.